Waƙar Masunta da Na Zaɓa wa Tsohon Injiniya

Ban taɓa zuwa Japan ba, kuma in ka cire gaisuwa da godiya, ban san komai a harshensu ba. Amma shekara da shekaru ni ne mai zaɓen waƙar da kowane Bajapane zai rera ranar da za mu sallame shi a masana'antar da nake aiki a Greensboro, a Amurka. Wanda ya ga abin bai dace ba, ya je ya tuhumi waɗanda suka ɗora ni, ni dai ban roƙa ba.

Masana'antar ta Japanawa ce, ƙananan sassan mota muke ƙerawa. Manyanmu daga can ake turo su, su yi 'yan shekaru, a kira su gida a turo wasu. Duk wanda zai koma sai an yi masa walimar ban kwana, kuma abin da aka saba a wurinmu shi ne, bayan an ci an sha an yi jawabai, mai tafiya ya miƙe ya yi waƙa. Akwai na'urar da ke sakin kiɗa zalla, baitocin suna bi ta fuskar talabijin, shi kuma ya riƙe makirfo yana rerawa. Inda gizo ke saƙar shi ne zaɓen waƙar. Mai tafiya ba ya zaɓar wa kansa, kada a ce ya zo nuna murya. Na ƙasa da shi kuma kunya ba ta barinsa ya zaɓar wa babba. Haka za su yi ta tura wa juna, kowa yana sunkuyar da kai, har ranar ta zo babu waƙa.

Ni lasifika ce ta kai ni cikin sha'anin. Ina da manya guda biyu da nake ɗauka zuwa wurin suna da biki na 'yan uwanmu, 'yan Nijar da 'yan Gana, sai aka fara aronsu don walimar. Wata rana ina durƙushe ina haɗa wayoyi, tafintar ofis ta tsaya a kaina. Bajapaniya ce da ta daɗe a garin, tana auren wani Ba'amurke, mu duka Anti muke ce mata. Ta ce, "Kai ka zaɓa mana. Kai ba ka san komai a ciki ba, babu wanda zai ga laifinka."

Sun ɗauka rufe ido zan yi in nuna. Ba su san abin da ɗan Maraɗi yake yi da waƙa ba. Mu a wurinmu waƙa ba ta zuwa hannu rabbana, ko yabo ta ɗauko ko zambo.

Sai na mayar da Anti abokiyar aikina. In an ce wane zai tafi, lokacin cin abinci in je in zauna kusa da ita, in zayyana mata halin mutumin kamar ba ta san shi ba, ta lalubo mini waƙoƙi a wayarta, tana gaya mini abin da kowace take cewa, ni kuma ina saurare ina auna wuyan mai ita. Akwai wani manaja da yake tsayar da mu taro kowace safiya, yana magana har ƙafa ta yi sanyi. Shi na nemo masa wadda ta fi kowace tsawo, mai dogon kiɗa tsakanin baiti da baiti, ya tsaya gaban jama'a riƙe da makirfo bai san inda zai sa idonsa ba. Ya ɗanɗani tsayuwa shi ma. Wani kuma mai tsawa ne, in ya buɗe baki sai ka ce taya ta fashe, na ba shi waƙar wata yarinya mai siririyar murya tana kewar kyanwarta. Ya yi ta, don ba a ƙi. Wanda kuwa yake sakinmu mu je Juma'a ba tare da ɓata fuska ba, gajera na ba shi mai sauƙi, irin wadda ko kwaɗo ya rera sai an tafa masa.

Ba a daɗe ba suka gano ni. Babu wanda ya taɓa yi mini magana, amma na lura duk manajan da tafiyarsa ta matso, gaisuwarsa gare ni takan ƙara zurfi. Wani har kwalin alewa ya ajiye mini a kan injina. Ni ba na karɓar cin hanci, alewar dai na shanye, shi kuma ya sami abin da ya shuka.

Mu ma mun yi namu abin kunyar. A walimar farko da mutanenmu suka halarta, wata Hajiya 'yar Damagaram da ke sashen ɗaure kaya ta ji waƙa ta yi daɗi, ta tashi ta liƙa wa manajan dala a goshi. Bawan Allah ya ƙame, bai san ko cirewa ake yi ba, ya ƙarasa waƙar da takardar manne a gumi. Ranar Litinin sai ga shi har sashenta, ya miƙa mata dalarta a cikin ambulan da hannu biyu, an goge ta ta miƙe sumul. Muka yi ta dariya har cikinmu ya ƙulle. Da muna da wayo, da tun ranar mun fahimci irin mutanen da muke zaune da su.

To, a cikin Japanawan akwai wani tsohon injiniya da ya fi kowa daɗewa, don duk lokacin da aka ce a mayar da shi, sai a rasa wanda ya san ciwon injinan kamarsa. Siriri ne, furfura fat, ba shi da yawan magana. A cikinmu kuma akwai Alhaji, mutumin zangon Kumasi, mai tuƙa motar ɗaga kaya. Shi ne babbanmu a gabashin gari. Shi ke raɗa wa 'ya'yanmu suna, shi ke shiga tsakanin miji da mata in an kwana ba a magana. Waɗannan tsofaffi biyu suka ƙulla abota, kuma har yau ban san da wane harshe ba, don Turancin kowannensu bai cika cokali ba. Tebur ɗaya suke zama da rana. Alhaji ya tura masa wake da shinkafa irin na Gana da yaji, shi ya turo wa Alhaji kifi da ganye, su ci shiru, su tashi. Injiniyan ne ya share mana wani lungu a sito don salla, ya zo da kamfas ya auna alƙibla, ya shata ta a ƙasa da ruwan ɗorawar salatif. Alhaji yakan ce, "Mutumin nan kalma ɗaya ta rage masa."

Akwai abu ɗaya game da Alhaji da ba ya so a sani. Wata tsohuwa 'yar garinsu ce ta tsegunta mini cewa da ƙuruciyarsa ɗan amshi ne, ya bi wani mawaƙi gari gari kafin ya shiryu. Yanzu in na kunna kiɗa a wurin suna sai ya haɗe rai, ya ce, "Kai, rage wannan abu, akwai manya." Amma ni da nake zaune kusa da lasifika ina ganin babban yatsan ƙafarsa yana motsi a cikin takalmi, kuma duk inda amshi ya faɗo, leɓensa yana rigan masu amshin.

Ana nan sai mahaifiyar injiniyan ta rasu a Japan. Ya je ya dawo, ya ƙara ramewa. Alhaji ya tara mu ranar Lahadi muka yi mota biyu zuwa Summerfield inda yake haya, muka wuce gonakin dawakai muna ɓata hanya. Mata sun yi girki, kowa ya sa ɗan abin da ya samu a ambulan. Alhaji kuwa rabin rago ya sa aka gyara, ban da nasa ambulan ɗin da ya fi na kowa kauri. Muka zauna a falon mutumin a ƙasa, Alhaji ya ɗaga hannu ya roƙa masa haƙuri da dangana, shi kuma yana ta sunkuyar da kai, idonsa ya yi ja. A hanyar dawowa Alhaji ya ce, "Yau mun yi abin kirki."

Bayan kamar an yi sadakar arba'in a lissafinmu, muka zo aiki da safe muka tarar da kwalaye a jere, an naɗe su da farar takarda kamar ba hannu ne ya naɗe ba. Duk wanda ya je ta'aziyya da nasa. A ciki tawul ne da ganyen shayi. Ni na ji daɗi, don tawul ɗin da laushi, har yanzu da shi nake goge fuska. Amma kwalayen ba girmansu ɗaya ba. Na wanda ya kai kaɗan ƙarami ne, na wanda ya kai da dama ya ɗan ɗara, na Alhaji kuwa sai da hannu biyu.

Alhaji ya dubi nasa, ya dubi namu. Na ga fuskarsa ta canza.

"Ya auna," ya ce. "Ya zauna ya auna abin da kowa ya kai, ya biya mu. Ni na je neman lada, shi ya maido mini da tawul. Shago na buɗe? Ta'aziyya ma risit ake ba ta?"

Na ce, "Alhaji, wataƙila godiya ce."

"Godiya baki ne ke yin ta. Wannan cewa ya yi kada wani abu ya rage tsakaninmu. To, na ji. Babu abin da ya rage, koraa, ko ƙwaya."

Gaskiya ni ma na ga abin da Alhaji ya gani. Mu ma muna rama alheri, amma ba haka ba. Jira ake yi sai naka sha'anin ya taso, a zo maka kamar an manta da abin da ka yi. Mai mayar maka da alheri tun bai huce ba, so yake ya sauke ka daga wuyansa. Balle na mutuwa.

Daga ranar Alhaji ya koma cin abinci a cikin motarsa, ko da sanyi ko da zafi. In sun haɗu a hanya ya ɗaga hannu, don gaisuwa haƙƙi ce, ya wuce. Injiniyan bai fasa zama a teburinsu ba. Kullum sai ya buɗe mazubinsa, ya ware rabin kifin gefe, ya ci nasa rabin, ya rufe. Ya fi shekara yana haka, bai san laifin da ya yi ba, kuma ba irin mutanen da ke tambaya ba ne.

Sai aka ce ya yi ritaya, ƙarshen wata zai koma gida ke nan har abada. Alhaji da kansa ya fara maganar komawa Kumasi in ya aurar da autarsa. Kowa ya san in waɗannan biyu suka rabu, sai dai a lahira, in ma hanya ɗaya za a bi. Mu kuwa ko Kano za ka je daga Maraɗi sai ka bi maƙwabta ka ce a yafe maka. Alhajin da ya koya mana haka shi ne ya ce ba zai taka wurin walimar ba.

Ni da farko ɓangaren Alhaji nake. Na je wurin Anti da zafina na ce, "Nemo mini waƙar butulu, wanda aka yi wa alheri ya jefo shi ta taga."

Ta ajiye tsinkayen cin abincinta ta ce, "Wa? Tsohon nan? Me ya yi?"

Na kwashe labarin kwalaye na gaya mata. Ta rufe baki da hannu. Ta ce a wurinsu wanda aka kai wa gudummawar mutuwa dole ne ya aiko da wani abu bayan an gama zaman makoki, gwargwadon abin da aka kai masa, don ya sanar da cewa an kammala komai lafiya, kuma bai manta da wanda ya tsaya masa ba. Wanda bai aiko ba shi ne marar tarbiyya. Ta ce ita ce ma ta raka shi sayayya, ya yi ta zagaye kanti yana neman tawul ɗin da ya isa a ba Alhaji, har ta gaji ta nemi kujera.

Ta ce, "Bari in je in gaya masa yanzu. Zai so ya aika wa Alhaji wata kyauta ta ban haƙuri."

Na riƙe gefen teburin na ce, "Anti, don girman Allah kada ki kuskura."

Da yamma na bi Alhaji har gida, na same shi a baranda yana jan carbi. Na yi masa bayani tiryan tiryan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Al'adarsu ce?"

"Al'adarsu ce, Alhaji."

"To, ni ma tawa ce."

Na san ya ji, don carbin ya tsaya a hannunsa. Amma mutumin da ya yi shekara yana cin abinci a mota ba ya fitowa don wani ɗan Maraɗi ya kawo masa bayani. Girma ya riga ya hau bishiya, sai an kafa masa tsani. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ina ƙaunar tsofaffin nan biyu, kuma na tsani in ga abin kirki ya lalace a kan tawul. Ba ni da wa'azin da zan yi wa mai yi mana wa'azi. Abin da ke hannuna waƙa ce kawai.

Na shiga nema kamar mai neman maganin ciwo. Anti ta cika mini waya da waƙoƙin ban kwana, ina ji a mota, safe da yamma, a kan titin Gate City Boulevard ina bin danja. Matata ta shiga motar wata rana za mu cefane, ta saurari waƙa ɗaya, sannan ta ce, "Wai kukan me ake yi a motar nan kullum? Wa ya mutu?" Tana da gaskiya. Waƙoƙin sallamar Japanawa yawancinsu fure ne ke kaɗewa, ko jirgin ƙasa ya tashi an bar mutum a tasha, ko 'yan makaranta sun gama sun watse. Masu daɗi ne, amma duk na mutum ɗaya ne, ya tsaya ya yi kukansa a tsanake, jama'a su tafa. In na ba tsohon irin wannan, zai rera ta tsaf, Alhaji yana gida yana jan carbi.

Rannan ina gab da shiga layinmu sai wata ta faɗo wadda ba ta yi kama da sauran ba. Ganga ce mai nauyi, wani tsoho ya jefa baiti, sai taron maza suka amsa masa da ƙarfi, ya sake jefawa suka sake cafewa. Na taka birki har na baya ya yi mini ham. Wannan ai kiɗanmu ne aka sa masa wata riga.

Anti ta ce waƙar masunta ce ta dā, mai jan gaba yana yi, masu jan taru suna amsawa, ana yin ta in jirgi zai bar gaɓa. Ta ce samarin Japanawanmu ba su san ta ba, sai kakanni, amma tsohon ɗan bakin teku ne, da ita ya tashi. A na'urar akwai ta iri biyu. Ɗaya da muryar 'yan amshi a ciki, ɗaya kuwa kiɗa ne zalla, wurin amshin a buɗe.

Na ce, "Ta biyun."

Ta dube ni ta saman tabarau. "In ya jefa baiti wa zai amsa? Yaran ba su iya ba, ko sun iya ma ba za su ɗaga murya a kan babba ba. Za ka bar tsoho shi kaɗai a cikin jirgi."

Na ce, "Bon, to, mu dai gani."

Saura kawo Alhaji. Na same shi yana sauke kaya, na rage murya na ce, "Alhaji, na haƙa wa mutuminka rami. Waƙar da na zaɓa masa, wallahi sai ya gwammace bai zo Amurka ba. Ka zo ka gani da idonka."

Ya ce, "Ni ba na zuwa fati. Ina shif ranar ma."

"Asabar ce, Alhaji, babu shif."

Ya ja motarsa ya tafi. Ya zagayo da wani lodin, ya tsaya kusa da ni, yana duban wani wuri ya ce, "Hajiyar sashen ɗaure kaya ba ta da mota. Ƙarfe nawa ne, in sauke ta in wuce?"

Ranar Asabar bayan la'asar muka taru a ɗakin baya na wani gidan abinci, tsakanin kantin kayan Afirka da filin sayar da motoci. Alhaji ya zo sauke Hajiya yana sanye da babbar riga da hular da ya sayo a Makka, wadda ba ta fita sai da salla. Na ce ya shigo ya sha ruwa. Kujerar da ta rage babu kowa, ikon Allah, tana gaba daf da makirfo. Ni na jera kujerun.

Aka ci, aka yi jawabai, masu shan abinsu suna can gefe, mu muna kan shayi da lemo. Aka kira tsohon. Ya miƙe, ya gyara riga, ya sunkuya wa jama'a. Da gangar ta fara ya ɗago da sauri ya dube ni, fuskarsa ta yi haske kamar ya ga ɗan garinsu. Ya jefa baitin farko. Ban taɓa sanin akwai irin wannan murya a cikin siririn ƙirjin nan ba.

Sai wurin amshi ya zo. Ganga tana tafiya, babu kowa.

Ya ɗan karkata kai yana jira, ya dubi na'urar, ya dubi samarinsu. Duk sun sa ido a faranti. Ya jefa na biyu, muryar ta ɗan ragu. Giɓin ya sake zuwa, ya fi na farko tsawo a kunnena. Wani Ba'amurke ya yi tari. Kunnuwan tsohon suka yi ja. Anti ta harare ni daga can ƙarshen tebur, irin hararar da ba ta bukatar tafinta. Tausayinsa ya kama ni har na kai hannu zan kashe na'urar in ce waya ce ta tsinke. Kafin in taɓa, na saci kallon ƙasan tebur. Takalmin Alhaji yana motsi.

Tsohon ya jefa na uku, da ƙyar, kamar mai jefa guga a rijiyar da ya san ta ƙafe.

"Haka ne!"

Ɗakin ya girgiza. Alhaji ne, yana zaune, ya harɗe hannuwa a ƙirji, fuska a murtuke kamar ba daga bakinsa abin ya fito ba. Amma ya faɗo daidai kan gangar, ko gashi bai kuskure ba.

Tsohon ya juyo ya dube shi. Ya jefa na huɗu, wannan karon ya jefa wa Alhaji ne.

"Gaskiya ne, faɗa musu!"

In ji Alhajin da bai san ko zaginsa ake yi ba. Kafin baiti na gaba ya miƙe tsaye, ya tattare hannun riga ya aza a kafaɗa, ya dafe kunne ɗaya irin na 'yan amshin dā. Tsohon yana jefawa da Japananci, Alhaji yana cafewa da Hausa, "Ja mu je, na bakin ruwa!" "Sannu da aiki, ɗan masu jirgi!" Mu 'yan Nijar da 'yan Gana muka ɗauka gaba ɗaya. Hajiya ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa har mai gidan abincin ya leƙo a guje. Samarin Japanawa suka ga babu sauran abin jin kunya, suka shiga tafi. Tsohon ya rera waƙarsa har ƙarshe da hawaye yana bin kumatunsa, bai share ba, bai kuma kuskure baiti ba.

Da kiɗan ya tsaya Alhaji ya sauke hannun rigarsa, ya zauna, ya sha ruwa. Ya sunkuyo wajena ya ce, "Kai ɗan Maraɗi, Allah ya shirye ka. Ashe ni ka haƙa wa ramin."

Na ce, "Ni wayoyi kawai nake haɗawa, Alhaji."

Rana ba ta faɗi ba muka fito wurin ajiye motoci. Alhaji ya kira ni, ya sa na kira Anti, ya tsaya gaban tsohon. Yana faɗa da Hausa, ina juya wa Anti da Turanci, tana juya wa tsohon. Ya ce, "Gaya masa na yi fushi da shi a kan abin da bai sani ba. Gaya masa tawul ne. Zaman tare sai da saɓani, yau za mu rabu, ya yafe mini, ni na yafe masa duniya da lahira."

Anti ta daɗe tana bayani, fiye da abin da na ba ta. Na ga bakin tsohon ya buɗe, ya dafe goshi, sannan ya sunkuya har na ji tsoron bayansa. Alhaji ya ɗago shi. Ya cire hular Makkan daga kansa, ya kifa masa a kan furfura. Ta yi masa yawa, ta sauko har gira.

Tsohon ya tsaya da hula a ka. Sai na ga idonsa yana yawo, ya shafa aljihun riga, ya shafa na wando, sannan hannunsa ya tafi kan agogon da ke ɗaure a wuyan hannunsa, ya fara kwance maɗaurin. Alhaji ya cafke hannun da ƙarfi.

"Gaya masa a'a. Gaya masa haka zai tafi da hular, ba ramuwa. Bari ta yi masa nauyi paa, sosai da sosai, ya riƙa tunawa da mai ita. In ya aiko mini ko da allura ce, mun ɓata."

Anti ta gaya masa. Ya dubi agogon, ya dubi Alhaji, kamar an ce ya fita titi babu takalmi. A hankali ya mayar da maɗaurin. Aka buɗe masa mota ya shiga, yana riƙe da hular da hannu ɗaya kada ta faɗi, muka tsaya har suka hau titi suka ɓace cikin motoci.

An kwana biyu yanzu. An turo wani injiniyan, yaro ne, na riga na fara nazarin wuyansa. Alhaji ya koma cin abinci a tebur. Kwanan baya na je gaishe shi, na tarar da shi a bakin akwatin wasiƙu na gidajensu, yana jujjuya takardun talla ɗaya bayan ɗaya, ya leƙa cikin akwatin har ƙurya, ya sa hannu ya lalube.

Na ce, "Alhaji, saƙo ake jira?"

Ya rufe akwatin ya murza makulli. Ya gyara tsayuwa, ya dube ni, idonsa ya ciko.

"Har yau bai aiko da komai ba," ya ce. "Ɗan halak ne mutumin nan."